Umma, Abba Ya Mayar da Batir Cikin Mota

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san saƙo ba ya isa inda kike, amma abin da ke cina yau ba ni da wanda zan kai wa sai ke.

Maganar jar motar Abba ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda ta girme ni. Kin san halinta: in aka bar batir a haɗe, kafin gari ya waye ta shanye shi tas. Shi ya sa in ya dawo sai ya buɗe bonet ya cire kan batir, in zai fita ya mayar. Ƙarfen da ke tokare bonet ɗin ya karye tun ina firamare, ke kika zama mai riƙewa. Har yanzu ina ganinki a gindin mangwaro, mayafi a kafaɗa, hannu biyu a sama, shi kuma kansa cikin inji yana ta mita.

Sai da na girma na gane abin da kike yi. Ban taɓa jin kin ce masa kada ya fita ba. In kin ga ya gaji ko hadari ya haɗo, sai ki ce, "Alhaji, yau kafaɗar nan ba za ta ɗaga ƙarfe ba." Ya ja tsaki, ya koma falo ya kunna rediyo.

Bayan rasuwarki idonsa ya ƙara lalacewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ke gabansa kaɗai yake gani, gefe da gefe duhu. A gabana ya gaya masa cewa tuƙi ya ƙare. Abba ya ce "to", irin "to" ɗin nan tasa da kika sani.

Mu kuwa wa zai dubi Abba ya ce masa a'a? Ba haka kika rene mu ba. Sai muka ari dabararki. Ni na ce bayana ke ciwo, maigadi kuma aka ja masa kunne ya riƙa sulalewa da zarar ya ga Abba ya nufi motar. Muka zauna muna jin mun yi wayo, mun manta mutumin nan injiniya ne tun kafin a haife mu.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota daga Kaura Goje, Malam Iliya, kwance rabinsa a cikin motar. Sun ɗage kafet, sun jawo jar waya mai kaurin babban yatsa tun daga inji har bayan kujerarki. Nan suka ɗaure akwatin ƙarfe da noti, suka zaunar da batir a ciki, suka huda ƙasan motar suka zura ɗan tiyo don tururin batir ya riƙa fita waje. A jikin akwatin aka sa makunni, daidai inda hannun mai tuƙi zai kai, ya haɗa batir ko ya raba ba sai an ɗaga bonet ba. Abba na zaune a kujerar roba yana ba da umarni, yana shafa wayar da yatsu tunda ido ba ya nuna masa kaurinta.

Na ja Malam Iliya gefe na roƙe shi. Ya ce, "Hajiya, in na tattara kayana wani zai kira, kuma wancan ko fiyus ba lallai ya sa masa ba." Wallahi gaskiya ya faɗa.

Na kira ƙanena Kabiru a Abuja, ya ce wai in ɓoye makullin motar. Raina ya ɓaci, Umma. Daga Abuja ai kowa jarumi ne. Na ce ya zo ya ɓoye da kansa, sai ya ce zai sake kira.

Jiya na durƙusa gaban Abba, na ce zan nemo direba ya kai shi duk inda yake so, ko ni in kai shi. Sai ya ce, "Wurin uwarki nake son zuwa. Ba na son wani ya zauna a mota yana jirana yana duba agogo." Ke kika nemi a kai ki kusa da iyayenki, a maƙabartar can bayan Gama, kuma kin san hanyar nan: adaidaita na yanko ta dama, babur ta hagu, yara na tsallaka titi a guje. Duk ta gefe suke zuwa, inda ba ya gani. Ina jin tsoro dominsa, ina jin tsoro don 'ya'yan mutane.

Ɗazu bayan la'asar ya fito cikin farar jallabiya. Ya shiga, ya miƙa hannu baya ya murɗa makunni, ya sa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Rabon da in ga fuskarsa ta saki haka tun kina nan. Ya danna hon. Maigadi ya kalle ni, ni ma na kalle shi, babu wanda ya motsa. Abba ya sake danna hon, a hankali, kamar mai roƙo. Ni da kaina na je na buɗe masa get.

A kan bencin maigadi nake rubuta miki wannan. An kusa kiran magariba. Duk ƙarar injin da na ji sai na miƙe, kuma har yanzu ba shi ba ne. Na yi kewarki, Ummata, yau fiye da ranar da aka fita da ke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya tsare duk wanda ke kan titin nan, Ya kai miki shi lafiya, Ya dawo mini da shi. Amin.

'Yarki ta fari, wadda ba kya kiran sunanta,
Hadiza