Takalman gudunka suna wurina

Hamma Salahuddeen,

Na tafi makaranta, ban tashe ka ba. Kunu yana cikin fulas. Ka yi haƙuri, ni na ɗauke takalman gudunka, kada ka yi wa ƙanwarmu Joda faɗa.

Jiya ina cikin keke a titin Arawa na gan ka kana motsa jiki. Masu kayan miya na hango mutum a guje suka ɗauka hari ne, suka watsar da tire, kowa ya dare yana salati. Sojan shinge ya ɗaga bindiga. Kafin in ce yayana ne, keken ya wuce da ni. Ban gaya wa Inna ba.

Damina ta same ka kwance da karaya, muka ci sabon gero kana dogara sanda, sai da zafin nan ƙafar ta dawo. Ba ni da bakin hana ka. Na san ko da silifas za ka fita.

In ka doshi shingen, don Allah ka bar gudu, ka riƙa ɗingishi. Ɗingishin da muka shekara muna roƙon Allah ya raba ka da shi, shi nake so su gani.

Na'ima