Idon Ruwan Kwarin Ɗinya

Tudun Wada, 3 ga Afrilu, 1955

Zuwa ga Kawu Lado,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kawu, Baba ya kai shanunsa Kwarin Ɗinya, inda taswirar safiyo ta nuna idon ruwa, ya tarar da yashi zalla. Bakwai sun mutu. Na duba a ofishinmu na safiyo, kai ne ka yi wa masu awo jagora. Don Allah ina ruwan yake?

Ɗanka, Umaru

Burumburum

Umaru ɗan ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Liman ke rubutawa, bakina ke faɗa.

Shekara shida ke nan Turawan safiyo suka zo da sarƙa da madubi mai ƙafa uku, tsakiyar damina. Makiyayi ba ya nuna wa baƙo ruwan rani, haka muka gada. Na kai su kududdufi, suka zana, har da yi mini godiya.

Ubanka Ubale ɗan kasuwar Kiru ne, shanun saye gare shi, ina zai san wannan? Ya ga ruwa a takardarku, ya ruga wurin hakimi ya ce ni baƙo ne, kwarin ba shi da mai shi. Aka tashe ni daga inda na binne ubana, yana tsaye yana cin goro. Ni ban manta ba. Takarda ce ta ba shi kwarin, sai ya tambaye ta ruwan.

Wassalam, Lado

Tudun Wada, 12 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Yanzu sha tara ne suka mutu. Cikin sauran akwai biyar na Inna Tasalla, gadonta na gidanku, ta daina cin abinci. Ka faɗa mini wurin, in roƙa a gyara taswirar, a sa sunanka.

Ɗanka, Umaru

Burumburum

Umaru,

Ina amsawa. Sunana ba ya jin ƙishirwa, ku bar taswirarku yadda take. Ka ce wa uwarka Tasalla ta koro mini biyar ɗin da ƙafarta, ita kaɗai. Na san tsagar kunnensu, kada a cusa mini ko ɗan maraƙi. Su za su sha.

Na Ubale kuwa, ran kasuwa ya nemi mahauta tun da sauran nama a jikinsu.

Allah Ya yi maka albarka.

Lado