Gonakin Gari a Sunan Baba

Sheme, ƙasar Faskari.

Zuwa ga ƙanena Yahuza, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ciki ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Mansura da yara, Ya tsare maka idanun nan da kake gasawa gaban kwamfuta, Ya sa albarka cikin nemanka. Mu nan lafiya, gwargwadon yadda ake samunta a ƙasar nan yanzu. Ruwa ya sauka, an fara shuka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa barka da makoki da kanta. Fiddausi ɗiyata ta yaye yaronta, ya yi ƙiba ya fi ta surutu. Kwanan baya na je gida can bayan Mairuwa na kwana, abin da na gano shi ya sa na ɗauki biro. Ban kira ka a waya ba da gangan, don a waya kana katse ni da Turanci, ka ce kana cikin taro. Takarda kuwa ba ta katsuwa, sai ka karanta ta har ƙarshe.

Ka san yadda muka yi murna lokacin da ƙungiyar nan mai taimakon manoma ta ba ka aikin gina shafin da za a riƙa rajistar gonaki, don waɗanda suka dawo daga gudun ɓarayin daji su sami iri da taki. Baba ya kusa toshe kunnen gari da zancenka. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji cewa ɗansa ne ya yi abin. Ka kuma san matsayin Baba a garin nan. Da mutane suka dawo suka tarar ciyawa ta cinye iyakoki, an sare itatuwan da ake shaida da su, shi Malam Mani ake kira ya taka ya ce nan gonar wane ta tsaya. Abin da ya faɗa shi ne magana. Ba shi da sarauta, ba shi da shanu, wannan yardar kaɗai ya tara tun ƙuruciya.

To ga yadda aka yi ranar rajista, tunda na lura har yau ba ka nemi sani ba. A garin kaf babbar waya ɗaya ce mai buɗe shafinka, ta Malam Audi sakataren ƙungiyar manoma, ita ma sai an hau tudun makaranta take kama sabis. Can aka taru. Kowa yana riƙe da katin da aka ba shi mai lambar sirri. Kai ma ka sani ba a fara abu a garin nan babba yana zaune yaro ya riga shi, balle wannan da ɗansa ya gina. Aka ce Baba ya buɗe da albarkarsa. Malam Audi ya sa lambar Baba, ya rubuta inda gonarsa take da maƙwabtanta, aka yi fatiha. Sai ya rufe shafin ya sake buɗewa don na biyu, sai abin ya kai shi kai tsaye wurin rubuta gona, bai tambayi lambar kowa ba. Malam Audi ya ce mini ya ɗan yi tsam, amma ya tuna ka taɓa gaya masa ka sauƙaƙa abin don kada tsofaffi su wahala. Ya ɗauka sauƙin ke nan. Har ya sa maka albarka a gaban mutane. Haka ya yi ta rubutawa, mutum bayan mutum, har rana ta yi sanyi, kowa ya mayar da katinsa aljihu yana yaba hikimarka.

Ba a gane ɓarnar ba sai da ma'aikatan ƙungiyar suka zo kafin saukar ruwa, suka karanta abin da shafin ya tara a ƙofar mai unguwa. Gonar bakin rafi, ta Mani. Gonar gindin ɗorawa, ta Mani. Haka har aka ƙare gari. Inna ta ce da farko dariya aka yi, sannan dariyar ta mutu. Asibi, matar marigayin da ɓarayi suka kashe a hanyar kasuwar Yankara, wadda gonarta ke manne da tamu, ita ta fara magana. Ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa uba ke auna iyaka, ɗa kuma ke rubutawa. Ba na ganin laifinta, Yahuza. Mace da marayu, ba ta da komai sai wannan ƙasar, ta ji an karanta ta da sunan maƙwabci, me kake so ta ce? Baba ya miƙe zai yi bayani, bai san abin da zai bayyana ba. Ya dai yi ta rantsuwa, mutumin da ba a taɓa neman ya rantse ba.

Na tuna bayanin da ka yi mini da na kira ka a lokacin. Ka ce idan mutum ya sa lambarsa, shafin yana ajiye wata 'yar alama cikin wayar, wai ita kuki, kamar kwalin da mai gadin babura ke ba mutum a kasuwa. Duk sadda wayar ta dawo ta nuna alamar, babbar kwamfutarku sai ta ce wane ne ya dawo, ba sai an sake tambaya ba. Ka ce kai ka sa alamar ta daɗe har wata guda ba ta mutu ba, don sabis ba shi da ƙarfi kuma mutanenmu suna mance lamba. Na yarda tausayi ne. Amma sai ka ƙara da cewa laifin Malam Audi ne da bai danna wurin fita ba kafin na biyu ya shiga, wai rufe shafi daban, fita daban. Wannan maganar ita ta tsaya mini a wuya. Tun a lokacin na je na karɓi wayar na duba da idona. Wurin fitar yana ɓoye ƙarƙashin wasu 'yan layuka a lungu, da Turanci. Sunan wanda ke ciki kuwa babu shi ko'ina, sai haruffa biyu ƙanana da ko ni mai koyarwa a firamare ban kula da su ba.

Wai kai ɗin nan da ka tashi a gidan da ake cin tuwo kwano ɗaya, ake aron fartanya da jaki da rediyo, kai ne ka zauna ka ƙaddara cewa waya ɗaya mutum ɗaya ne? Halan Ikko ta sa ka mance cewa wayar da kake kiran Inna a kai ta maƙwabta ce. Mai injin niƙa ma, kafin ya juye hatsi, yakan tambayi kwaryar wa ce. Da baƙon Bature ne ya gina abin nan da na ce bai san mu ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗan gida ne, wanda da ya rufe ido ya tuna tudun makaranta, da ya ga layin mutane da waya ɗaya, da ya san wanda za a fara sawa gaba.

Na ji ka gyara. Malam Audi ya nuna mini yanzu suna yana fitowa ɓaro-ɓaro a sama, kuma da an gama gona ɗaya abin yana fitar da mutum ya nemi lambar na gaba. Madalla. An goge duk abin da ke sunan Baba, har da gonarsa ta gado, aka sake rajista. Kowa ya hau tudu ya sake, ban da shi. Ya ce sunansa ba zai ƙara shiga wayar nan ba. Iri ya zo, taki ya zo, an raba wa gari, shi ya shuka ragowar dawar rumbu. Wannan bai dame ni ba, mijina ya kai masa abin da ya sawwaƙa. Amma ka sani ka gyara shafi ne kawai. Mutane cewa suke yi an kama ku ne shi ya sa kuka mayar. Bayanin kuki bai iso ƙofar mai unguwa ba, don wanda ya san shi yana Ikko, ya turo wa ƙungiya saƙon ban haƙuri da Turanci ya koma aikinsa.

Ranar da zan dawo Sheme, da hantsi, rigimar iyaka ta tashi tsakanin Rabo da Nata'ala. Muna cikin gida muna jin hayaniyarsu tana matsowa. Baba ya saka takalmansa, ya ɗauki sandarsa, ya fita ya zauna a dakali yana gyara hula. Suka iso, suka gaishe shi da ladabi, suka wuce gidan wani. Ya daɗe a wurin da takalma a ƙafa. Da ya shigo sai ya ce wa Inna dama iska ya fita sha. Ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba, kuma har yanzu bai sauka ba.

Ba aike nake nema ba. Ka zo da ƙafarka kafin a yi noman farko, ka tsaya ƙofar mai unguwa da wayar Malam Audi a hannu, ka nuna wa mutane da Hausa yadda abin ya faru, ka ce kai ka yi kuskure. Ka fara da gidan Asibi. Ban ce za su yarda duka ba, amma Baba zai ji an faɗa yana raye.

Ka gaishe mini da Mansura, ka ce na gode da atamfa. Ka shafa kan Yahya da ƙanwarsa. Inna tana gaishe ku, haka Fiddausi da maigidana. Da zan taho na tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka ƙwarai, in ce maka komai lafiya, kada kuma in kuskura in gaya maka wani abu da zai ɗaga maka hankali a wurin aiki, don aikinka na tunani ne. To na isar da gaisuwar. Sauran kuwa na saɓa masa.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Suwaibatu Mani.