Ƙungiyar da Ta Zo Sayen Ɗanta

Daga: Kafintan Ɓangaren Rana,
Shago na ƙarshe, Layin Masu Katako.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa,
Ta hannun Sakatare,
Ofishin Ƙungiya, Bene na Sama, Babban Filin Wasa.

Litinin, 16 ga Yuni, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: WATSI DA ƘUNGIYAR MATASA, DA SHIRIN SALLAMAR YARON DA AKE KIRA BAHAGO

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da kaina, tun da na tabbata ba ka san ni ba. Ni ne kafintan da ke zama a layi na uku, ɓangaren da babu rumfa. Daga inda kake zama a ƙarƙashin fanka, mu duka kawuna ne kawai, don haka ban ga laifinka ba. Na fara shiga filin nan a kan wuyan mahaifina, yau ga furfura ta cinye mini rabin gemu, kuma ban taɓa goyon bayan wata ƙungiya ba ko da wasa.

Ni ne kuma mariƙin ɗan ƙanwata tun bayan rasuwar mahaifinsa, wato yaron da ake kira Bahago, mai tsaron baya ta hagu a ƙungiyarku ta 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas. Bisa dokarku, duk yaron da ya cika shekarun ba a ba shi kwantiragi ba, za a sallame shi ranar 30 ga watan nan. Bahago ya cika. Maƙwabtanmu masu koren riga, waɗanda hannuna ba zai iya rubuta sunansu ba, sun kawo takardarsu suna jiran sa hannuna. Wannan ne ya sa na ajiye zarto na ɗauki biro. Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. Game da manyan 'yan wasan da kuka sayo mana.

A farkon kakar bana an tara 'yan jarida, an ɗaga riguna, an ce mana an kawo gogaggu. Gaskiya ne, sun goge, har sun suɗe. Ɗan wasan gaban da aka ce yana cin ƙwallo da ido a rufe, mu a ɓangarenmu Saura Ƙiris muke ce masa, domin tun da ya zo duk abin da ya buga saura ƙiris yake yi. Ranar Lahadi, 9 ga Maris, daga shi sai raga, golan abokan karawa na kwance a ƙasa, bawan Allah nan ya ɗaga ƙwallo ta haye katanga ta faɗa wurin ajiye motoci. Sai ya duƙa yana duban takalminsa, wai takalmin ne da laifi. Golanmu kuwa yara sun sa masa Rariya, ba ni na sa ba, amma ban hana su ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai tsaron bayanku na hagu. Mutumin kirki ne, yana gaishe mu, Allah ya saka masa. Amma, ranka ya daɗe, tsufa ba laifi ba ne, kuma ba a ɓoye shi da rina gashi. Idan ɗan wasa ya wuce shi, ba ya ko bin sa, sai ya ɗaga hannu yana roƙon alƙalin wasa ya busa satar gida. Duk ƙungiyar da ta zo mana ta san ƙofar shiga, ta hagu ce, kuma a buɗe take. Da ƙyar muka tsira daga faɗawa rukuni na biyu, shi ma ɗin ba don ƙwazonmu ba, don wasu sun fi mu lalacewa ne. Na ji an yi liyafa a kan haka. Ina taya murna.

2. Game da soke wasan share fage.

Tun kafin a haife ni, al'adar ƙungiyar nan ita ce yara su fara buga wasansu a babban fili kafin manya su fito. Mukan zo da wuri saboda su. Mun san kowane yaro da sunansa da na mahaifinsa, mun san mai tsoro, mun san mai zuciya, mun san wanda ke kuka idan an ci su. Kocin manya na zaune a gefe yana kallo, idan ya ga wanda ya nuna, sai kawai ya yafito shi da hannu. Da haka aka samu duk 'yan wasan da hotunansu ke rataye a bangon ofishinka. Ba a sayo ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar Litinin, 7 ga Agusta, 2023, aka manna sanarwa a ƙofar fili cewa an dakatar da wasan share fage har sai abin da hali ya yi. Dalilin da aka bayar shi ne yara na ɓata ciyawa, kuma manyan 'yan wasa sun yi kuka cewa ƙwallo ba ta tafiya daidai. To, alhamdu lillahi, ciyawa ta warke. Ban taɓa ganin ciyawa mai lafiya irin tamu ba, musamman ta gaban ragar abokan karawa, wadda har yanzu babu ɗan wasanmu da ya taka ta. Baƙi na zuwa su ci mu a kanta, su yaba kyanta, su koma gida.

3. Game da inda aka jefa yaran.

Ina shakka ko ka taɓa zuwa, don haka bari in kwatanta maka. Fili ne a bayan injin yanka katako, rabinsa tsakuwa, rabinsa garin katako da iska ke kwasowa. Ragar babu zare. Sandar sama ta karye tun bara, ni na ɗauki katakona da ƙusoshina na gyara, kuma ban faɗi haka don a gode mini ba, na faɗa ne don a san babu wanda ya zo daga ofis ya duba. Rigunan yaran tsofaffin na manya ne, wani tasa har gwiwa. Kocinsu, dattijon da suke kira Baba Usur, shi ne koci, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai ɗaure targaɗe. Ya gaya mini ya hau benenku ya sauko har ya gaji, kullum amsar ɗaya ce, wai ana kan dubawa. Kocin manya kuwa, wanda ya zo mana da tabarau da kwamfuta, bai taɓa taka filin nan ba. Ko hanyar bai sani ba.

Wasannin yaran ma rabi sokewa ake yi, yau babu mota, gobe babu alƙali. Shi ya sa Bahago, da izinin Baba Usur, yake buga wa ƙungiyar kanikawan layinmu a gasar masu sana'a, don kada ƙafarsa ta mutu. Wannan ne ya kawo abin da zan faɗa yanzu, wanda har yau idan na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

4. Game da tawagar da kuka aiko shagona.

Ranar Asabar, 17 ga Mayu, jami'inku mai neman sababbin 'yan wasa ya biyo ta filin da kanikawa ke wasa da masu walda. An ce motarsa ya kawo gyara. Ya ga wani yaro a hagu yana tare duk wanda ya zo, yana tashi da ƙwallo har gaba, ya ba da ƙwallo biyu aka ci. Jami'in ya kasa zama. Ya ɗauki yaron a waya, ya rubuta rahoto cewa ya gano zinariya a cikin bola, kuma a yi maza kafin wasu su riga mu.

Ranar Laraba, 21 ga Mayu, sai ga motar ƙungiya mai tambari ta tsaya a garejin kanikawan, mutum uku a ciki da manyan riguna da jaka. Suka tambayi shugaban kanikawa nawa zai sallama musu yaron. Shi kuma, da yake mutum ne mai son nishaɗi, bai gaya musu ko ɗan wace ƙungiya ne ba, ya ce su zo wurin kawun yaron. Suka same ni ina haɗa ƙafar tebur. Na share musu benci, na aika aka sayo musu lemo mai sanyi. Suka yi mini bayani mai tsawo a kan girman ƙungiyar da nake goyon baya tun ba a haifi biyu daga cikinsu ba. Suka ce irin wannan yaro ne kocin manya ke nema ido rufe, za a yi bikin gabatar da shi, za a kira 'yan jarida.

Ana cikin haka Bahago ya dawo daga atisaye, sanye da rigar ƙungiyarku, da tambarinku a ƙirjinsa. Ya durƙusa ya gaishe su. Jami'in ya yaba, ya ce ashe yaron ma masoyinmu ne, har ya sayi riga. Na ce masa ba saya ya yi ba, ba shi aka yi, domin shekara shida ke nan yana ƙungiyarku ta matasa, kuma shi ne kyaftin ɗinsu.

Ranka ya daɗe, a nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Na zaci za su yi murna cewa abin da suka zo saya da tsada nasu ne kyauta. Ina! Fuskokinsu suka sauka. Jami'in ya sake duban yaron sama da ƙasa, ya ce ashe na gida ne, cikin irin muryar da mutum ke yi idan ya buɗe tukunya ya tarar da ragowar jiya. Ɗayan ya zuge jakarsa. Na ukun ya ce yanzu da ya kalle shi da kyau, yaron bai cika tsawo ba. Yaron da minti kaɗan baya yake zinariya, a gabana ya rage tsawo. Suka ce za a neme mu, suka shiga mota, ko lemon ba su ƙarasa ba. Ban san abin da ke cikin sayen baƙo wanda babu shi a ɗaukar na gida ba, kuma tarbiyyata ba za ta bar ni in yi zato a takarda ba. Na bar wa mai girma Shugaba ya yi nasa lissafin.

Bayan tafiyarsu, yaron ya tashi. Ya tattara kwalaben, ya ɗauki tsintsiya ya share shagon da ya riga ya share da safe. Ban taɓa jin kunyar rigar nan ba sai ranar, kuma na ji haushin kaina da na sa su zauna a bencina.

5. Game da shirun da ya biyo baya.

Har yau ba a neme mu ba. Labari kuwa ya zaga layi, kanikawa sun mai da shi abin hira, duk wanda ya wuce shagona sai ya tambaye ni ko har yanzu ina sayar wa ƙungiya ɗanta. Ta haka masu koren riga suka ji. Kocinsu da kansa ya zo filin bayan injin, ya tsaya cikin garin katako ya kalli wasa daga farko har ƙarshe, washegari ya zo da takarda. Ba na ƙaunarsu, ba zan taɓa ƙaunarsu ba, amma sun san abin da ake yi da ido.

Ƙanwata ta ce in sa hannu tun kafin su canja ra'ayi. Ta ce ni nake mutuwar son ƙungiya, ƙungiya ko sunana ba ta sani ba, kuma ba za a yi wasa da rayuwar marayanta don kalar riga ba. Na roƙe ta ta ƙara haƙuri. Abin da kawai na samu shi ne ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon mai girma Shugaba abubuwa kamar haka:

Na farko, a umarci kocin manya ya halarci wasan yara na ranar Asabar, 21 ga Yuni. Idan bai san hanya ba, zan rufe shago in zo in raka shi. Ba na roƙon a ɗauki Bahago don ɗan ƙanwata ne. A kalle shi kawai, da idon da aka kalle shi ranar da aka zaci na wasu ne. Idan bai cancanta ba a faɗa masa a fuska, zai iya ɗauka.

Na biyu, a maido da wasan share fage daga kaka mai zuwa. Bayan Bahago akwai yara da yawa a filin nan, kuma ba kowannensu ne jami'inku zai yi sa'ar lalacewar mota a kusa da shi ba.

Na uku, a ba ni amsa a rubuce kafin 30 ga wata. Idan ranar ta zo ban ji komai ba, zan sa hannu a takardar masu koren riga, domin amanar yaron ta fi ƙarfin son raina.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne ya hana ni sukuni. A ɓangarenmu, duk ɗan wasan da ya bar mu ya koma wurin mutanen can, ranar da ya dawo filinmu ba ya taɓa ƙwallo ba mu yi masa ihu ba, kuma kowa ya san muryata ce ke farawa. Bahago ya tashi yana zaune kusa da ni yana ji. Jiya da rana muna cin abinci, kansa a ƙasa, ya tambaye ni ko shi ma zan yi masa idan ya zo da koren riga. Ya ce ba zai ji haushi ba, so yake kawai ya sani tun yanzu don ya shirya. Na ce masa zan ba shi amsa idan na ji daga gare ku. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, kada ka bari sai na amsa wannan tambayar.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma ƙara wa ciyawa lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Kafintan Ɓangaren Rana,
Kawun Bahago.

Kwafi zuwa ga: Baba Usur, Kocin Matasa.