Leɓen da Muka Yanke

Vénissieux

Zuwa ga ɗiyata Aminatou,

Bayan gaisuwa da fatan kina lahiya, ke da ɗanki Uzairu. Ina gajiyar aiki, ina sanyin Paris? Da ajami na rubuta, ki yi haƙuri da hannun tsoho.

Saƙonki ya iso. Kin ce Christophe, abokin harkarmu na da, na shirya biki can wajenku Paris don tunawa da gasar keken BMX da muka fara a sito nan Vénissieux, yana son in zo tunda ni na kafa tudun katakon da yara suka hau. Ki ce mishi ba ni zuwa. A tarihin da yake ba mutane, gasar ta fara da azahar, da alƙalai da lambobi. Ni na san da hantsi ta fara, ba alƙali ko ɗaya, kuma ƙanena Soumaïla ne ya fara hawa. Har ya rasu ba wanda ya ambaci sunanshi. Na rantse ƙafata ba ta taka taronsu sai sun faɗe shi. Kar ki sake roƙona.

Allah shi yi miki albarka.
Kawunki Garga

Saint-Denis

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina ciwon gwiwa? Ba roƙo na zo yi ba. Ga takardar tallan bikin, ka gani ko ranka zai yi sanyi. Hoton da ke kai shi kaɗai ya rage na ranar, kuma da shi suka auna suka sake gina tudun, daidai yadda yake. Uzairu aka zaɓa ya buɗe shi ranar Asabar da safe. Ya ce in faɗa maka jininka ne zai fara hawa, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Ɗiyarka Aminatou

Vénissieux

Aminatou,

Gaisuwa a taƙaice. Ɗauko takardar nan ki dubi hannun hagu. Akwai yaro mai riga rawaya, ya ba da baya, yana riƙe da keke. Soumaïla ne. A tsaye yake kan ƙafafunshi. Ke tun da kika yi wayo kin taɓa ganin kawunki Soumaïla ba cikin kujerar guragu ba?

Hoton hantsi ne wannan. A lokacin ba mu san tudun ba sai a mujallar Amirka, daga hoto muka kwaikwaya, sai leɓen tudun, wato bakinshi na sama, ya ranƙwafo kaɗan. Ido ba ya ganewa. Soumaïla ya hau, ya tashi sama, tudun ya tofar da shi baya, ya sauka kan siminti. Ban ji kukanshi ba, ƙarar kawai na ji. Kafin azahar na sa zarto na yanke leɓen, kusan kamu guda, sannan aka yi gasar da suke taƙama da ita. Tudun da aka yi gasa a kai ba wanda ya ɗauke shi hoto. Wanda ya karya Soumaïla suka sake ginawa.

Uzairu yana tsayuwa irin tashi, kafaɗa ɗaya sama. Ki je wurin Christophe da ƙafarki. Ki hana yaron.

Garga

Saint-Denis

Kawu,

Ina gaisuwa. Na je. Christophe ya saurare ni da ladabi, ya ce shi bai tuna an yanke komai ba, a waje yake yana sayar da tikiti. Ya ce da za ka zo ka nuna wurin da hannunka da ya duba, amma ba zai taɓa aikin da aka gama kan maganar wanda ya ƙi zuwa ba. Uzairu ya yi dariya, ya sumbaci goshina, ya ce tsofaffi da tsoro. Ni ban san leɓe ba, Kawu, ban san kamu ba. Ɗa guda gare ni. Na san ka rantse.

Aminatou

Ƙofar gidanki, Asabar

Aminatou,

Salama. Na iso, na buga, ba kowa, maƙwabciyarki ta ce kun wuce tun ɗazu. Na bar wannan ƙarƙashin ƙofa saboda in abin ya zo da wani hali ki san na zo. Rantsuwa zan yi kaffararta, Soumaïla ya yafe mini. Zarton yana cikin jakata, naɗe a darduma. In sun hana ni yanka, zan shimfiɗa ta a gindin tudun in zauna, mai hawa sai ya bi ta kaina.

Maƙwabciyar ta ce jirgin ƙasan layinku ya tsaya, ba a san sa'ar tashinshi ba. Zan fara takawa zuwa wurin bikin.

Allah shi sa in riga Uzairu.
Garga