Kwana Goma Sha Ɗaya Da Na Rubuta Da Hannuna

Zuwa ga Daraktan Kula da Ma'aikata,
Ofishinmu na Garki, Abuja.

Assalamu alaikum. Yallaɓai, da fatan kana lafiya, irin lafiyar da fom ɗinku ya nuna kowa na da ita a ofishin nan ban da ni.

Ni ne Sabi'u, masinjan hawa na biyu, wanda kuka dakatar da tabbatar masa da aiki makon jiya. Kun raba fom, kowa ya rubuta da kansa kwana nawa ciwo ya hana shi aiki bara, sau nawa kuma ya je asibiti. Na rubuta kwana goma sha ɗaya, asibiti babu. Kwamiti ya ce fashin aiki na yi, wai mara lafiya ba ya ƙin asibiti.

Na ɗaya, zazzaɓi ne ya kayar da ni, sau biyu. Mai kemis na bayan tashar Nyanya ya tsira min allura, ya ƙulla min ƙwayoyi a leda. Ba ya ba da takarda, fom ɗinku kuma ba shi da gurbin kemis. Da na rubuta asibiti sau uku, wa zai bincika?

Na biyu, ni na tattaro fom ɗin na kawo teburinka, kuma ina karatu, ko da a tsofaffin jaridu na koya. Ogan sashenmu ya rubuta sifili. Mutumin da ya yi wata guda a gida da ƙafa a ɗaure! Madam mai buga takardu ta rubuta biyu, alhali ni na kai mata lemon dubiya har gadon asibiti, sati biyu a jere. Ban ce ƙarya suka yi ba. Shekara da tsawo, mantuwa kuma halal ce.

Na uku, wai kwamiti ya gwada fom da rajistar sa hannu ta safe, na kowa ya dace. Ai dole ya dace! Ni nake baro Nyanya da asuba don gudun cunkoso, ni nake fara isowa. Duk wanda ya yi min filashin a waya sau ɗaya, na san ma'anarsa: in sa masa hannu. Hannun mutum bakwai na iya, na Oga har ya fi nasa kyau. Ni kuwa ranar da na kwanta babu mai sa min. Shi ya sa kwanakina kaɗai suka fito tsirara.

Roƙona a tabbatar min da aikina, a kuma ƙara gurbin kemis a fom. In ba haka ba, daga Litinin zan ajiye biron jama'a. Sai ku tanadi motar asibiti, don annoba za ta ɓulla a rajistar nan.

Hannu na bakwai kuwa, wato naka na ranakun Juma'a, ka kwantar da hankalinka, Yallaɓai. Zan ci gaba da sa shi har in ji amsa.

Allah ya ba ka lafiya ta gaske, ba ta fom ba.

Wassalam.
Sabi'u Masinja, Nyanya.