Kayan Jeren Sa'ada

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Ludayi ɗaya da rariya ɗaya, cinikin yau ke nan. Mata biyar sun shigo, kowace ta shafa kulolin nan masu ruwan zinare, ta buɗe murfi ta leƙa kamar akwai tuwo a ciki, ta ce bari ta je ta dawo. Shekara huɗu ina jiran masu dawowar nan.

Malam, mijina, ya sake tayar da maganar shago. Mudassir mai maganin feshi yana son shagon haya, kuma shagon na Malam ne, a jikin gidansa yake. Ya ce in bukukuwan kaka suka wuce ban tsaya da ƙafata ba, in haƙura. Bai faɗa da faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Duk abin da nake da shi na zuba a saiti ɗaya da na ɗauko daga Kano: kuloli shida, tukwane biyar, tangaran kwali biyu. In suka fita, na tsira.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Babu ko cokali.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Dela ta zo daga Dugabau. Tun da na buɗe shagon nan take zuwa, yau kwano ɗaya, bayan wata biyu faranti, tana tara wa 'yarta Sa'ada kayan ɗaki. Ta gaishe ni har sau uku, na san da magana.

Biki saura sati. Ruwa ya ci gonarsu bana, awakin da ta ajiye don kayan kicin ciwo ya kwashe su. Angon kuma ɗan cikin Gwarzo ne, nan bayan layinmu, danginsa masu ido ne. Wai in ba ta aron saitin a yi jere da shi, 'yan ganin ɗaki su gani, kwana bakwai a dawo min da abina. "Hajiya Zinnira, ko takardar jikinsu ba za a ɓare ba." Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba, yau na zama Hajiya.

Na ce zan yi tunani. Ta tafi tana goge ido da bakin mayafi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Zan ba ta. Kuma kada in yi wa kaina ƙarya a littafina, ba tausayi ne kaɗai ba. Matan unguwa za su cika ɗakin, za a tambayi inda aka saya. Talla ce kyauta. Malam ba zai ji ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
An kwashe a A Daidaita Sahu, lokacin Malam yana makaranta. Na baje robobi da bokitai a kan kanta don su rufe gurbin. Ba su rufe ba.

Talata, 19 ga Nuwamba
Yau na ga ikon Allah. Wata uku kayan nan suna zaune babu mai so, sai yau Hajiya Uwaliya, matar mai gidan man kan hanyar Kabo, ta tsaya da mota ta ce saitin nan da ta taɓa gani take so wa autarta. Duka. Ko ragi ba ta nema ba.

Na ce suna sito. Ni da sito! Ta ce za ta dawo ran Litinin, in ba su iso ba ta wuce Kano. Kwana bakwai na cika ran Asabar, don haka akwai lokaci. Har rawa na taka bayan ta fita, ni kaɗai tsakanin bokitai.

Asabar, 23 ga Nuwamba


Yau amarya ta shiga girki, aka rarraba wa maƙwabta abincinta kamar yadda aka saba. Sabuwa, yayar ango, ita ta kawo namu da azahar. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Kulana ne, babban, an ɓare ledarsa, miya ta taɓa gefen murfin.

Na karɓa, na yi godiya, har da sa albarka. Da ta fita na ɗaga shi sama na duba ƙasansa. An rubuta SA'A da jan farce. A cikin murfin ma haka. Abin da kowace amarya ke yi don kada kwanonta ya ɓace a gidajen mutane, ni ma na yi a nawa lokacin. Yaya aka yi ban tuna da wannan ba?

Malam ya ci shinkafar, ya ce yarinyar ta iya girki, kuma kulan nan mai kyau ne, me ya sa ba na kawo irinsa. Na tashi na shiga ɗaki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Na je mayar da kula. Na sa sabulu biyu a ciki na tukuici, na kuma shirya maganata tun daga gida: yarinya, kayan nan aro ne, a haɗa min abin da ya rage.

Sa'ada ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ja ni ciki tana murna. Babu abin da ya rage. Tukwane sun hau wuta, tangaran duk an wanke an jere, kowanne da jan rubutu a ƙasa. Ita da ƙawayenta suka zauna suka bi su ɗaya bayan ɗaya, kwalba biyu suka ƙarar. "Anti, Inna ta ce a wurinki ta tara min su, da kaɗan da kaɗan. Ban san Inna ta iya ɓoye abu haka ba." Wai uwar mijinta da ta ga jeren ta ce ashe 'yar gata aka kawo musu.

Bakina a buɗe yake, maganar tana nan a kan harshena. Na ce mata kada ta riƙa kankare tukwanen da soson ƙarfe.

Shi ke nan abin da na faɗa. Sakarya kawai.

Litinin, 25 ga Nuwamba
Hajiya Uwaliya ta zo. Ko daga mota ba ta sauko ba, ta leƙo ta ga bokitai, ta ce Allah Ya kawo kasuwa.

Laraba, 27 ga Nuwamba
Sai yau Dela ta iya zuwa. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa benci. Ta ce ranar jere ta yi niyyar gaya wa Sa'ada, sai ta ga yarinyar ta rungume kula tana kuka tana cewa Inna ashe kin yi min, sai bakinta ya mutu. Ta ce gobe, goben ta ce jibi.

Na yi mata tas. Na ce ta kashe ni, ta rufe min shago, ta ci amana. Ba ta musa ko ɗaya ba. Ta ce in na ce a je a kwaso, yanzu za ta shige gaba. A kwaso me? Wa zai sayi tukunya mai baƙin gindi da sunan wata? Kuma a kwaso a gaban uwar miji?

Na fi jin haushin kaina. Da nake zaginta ina tuna ni ma ran Lahadi bakina mutuwa ya yi.

Juma'a, 29 ga Nuwamba
Na gaya wa Malam komai. Ya ce, "Zinnira, da kin tambaye ni." Na ce da ka hana. Ya ce ƙwarai.

Mudassir zai shiga farkon wata mai zuwa, bayan an yi fenti. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Shagon nan shi ne abu ɗaya a duniya da ake cewa na Zinnira.

Talata, 3 ga Disamba
Na fara ɗaure kaya. Robobi sun fi yawa, za su koma ƙarƙashin gado. Wata mata daga Mainika ta leƙo, ta ce ta ga ɗakin Sa'ada, irin saitin take tambaya. Ga tallar tawa ta yi aiki. Na ce sun ƙare.

Alhamis, 5 ga Disamba
Sa'ada ta sake aiko da abinci, dambu, wai don ta ji ba na jin daɗi. Tun sha biyu aka kawo, ban buɗe ba sai bayan la'asar, sai ga tururi. Shekara huɗu ina rantse wa mata cewa kulolina suna riƙe zafi, ban taɓa cin abinci a cikin ko ɗaya ba. Ashe gaskiya nake faɗa. Na cinye tas.

Da na wanke na kife, na ga rubutun ya fara gogewa, S ɗin saura rabi. Jan farcen banza suka saya. In ya shiga gidan biki a haka, ba zai dawo mata ba.

Akwai wata tsohuwar kwalba a cikin kayan kwalliyata. Na bi kan rubutun, harafi bayan harafi, na ajiye a inuwa ya bushe.

Ba wai na yafe ba ne. Kula ne mai tsada, bai kamata ya ɓace ba.